Hannu Tara da Gaiya Ya Jira

Gaiya ya zo shagon mahaifina yana ɗan shekara goma sha uku, ni kuwa ina da sha biyar. Ban san lambar shekarar ba a lokacin, domin ban iya karatu ba sai da na kai arba'in da bakwai. Daga baya ne na zauna na bi baya, na gano 1971 ce. Sunana Garba. Kafinta ne ni, ɗan kafinta, jikan mutumin da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna. Labarin Gaiya zan bayar, kuma da hannuna nake rubuta shi, domin akwai wuraren da laifin nawa ne, ba na so wani ya rubuta ya sassauta mini.

Iyayensa manoman doya ne na Sauka Kahuta, tun wurin yana gonaki. Mahaifinsa ya kawo shi da doya goma a ka, ya ce yaron ba ya son fartanya, kullum sai sassaƙe-sassaƙe da wuƙa. Mahaifina bai tambaye shi komai ba, ya dai juya tafin hannunsa ya duba, ya nuna masa inda zai riƙa ajiye takalmi. Daga ranar yana kirana Yaya Garba idan da mutane, idan mu biyu ne kuwa sai ya ce mini ɗan jirgi, wai mu baƙi ne, a tarago aka sauke mu. Ni kuma in ce masa mai doya. Hausarsa ba ta taɓa raba mace da namiji ba har ya tsufa: guduma yakan ce mata shi, matarsa Christiana ma shi.

Ba mai sauri ba ne a aiki. Yakan sunsuna katako kafin ya sa zarto, idan bai bushe ba ko kwastoma zai yi fushi ba ya taɓawa. Ya yi aji uku a makarantar mishan kafin a kawo shi wurinmu, saboda haka ya iya karanta lamba da ɗan rubutu. Shekara talatin muna zuwa aiki tare, idan mai gida ya miƙo mini takardar awo, sai Gaiya ya leƙo ta kafaɗata ya riƙa karantawa da ƙarfi kamar mai magana da kansa, ni kuma in gyaɗa kai kamar ina bin layin da ido. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ko a ranakun da muka yi faɗa, bai taɓa goranta mini ba. Ranar da na karɓo takardar shaidar kammala ajin manya, shi na fara kai wa, ya ce to, yanzu wuyansa zai huta da leƙe.

Ƙungiyarmu ta kafintoci tana da rassa tara a cikin gari, kowane reshe da shugabansa. Dokoki biyu ne suka fi nauyi a cikinta. Ta farko, ba a ƙarasa aikin da wani ɗan ƙungiya ya fara sai an same shi ido da ido an nemi izini. Ta biyu, idan ɗan ƙungiya ya rasu, iyalinsa ba sa zuwa kasuwa neman katakon binne shi. Idan Musulmi ne, rassa tara ke kawo itacen da ake jerawa a kabari. Idan Kirista ne, kowane reshe ya kawo falanki ɗaya gogagge, a taru a ƙofar gidan mamacin, a haɗa akwatin gawar a gaban iyalinsa, kowane shugaba ya buga ƙusarsa. Wanda ba ya sana'armu zai ga abin ƙarami ne. Mu kuwa a wurinmu shi ne shaidar cewa mutum bai yi shekarunsa a banza ba.

Akwai kuma yadda muke zaman shawara, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Shugabannin tara kan zauna a benci bisa shekaru. Babu mai buɗe baki sai babba ya dube shi ya kira sunansa. Daga ƙarami ake farawa, don kada yaro ya ji ra'ayin manya ya bi kawai, a riƙa hawa har a zo kan babba, shi ya rufe. Tun 2015 ni ne babban.

A daminar 2017 Julius, ɗan ƙungiya ne daga reshen Barkin Sale, ya fara rufin gidan wata mata mai suna Kubura, wadda mijinta ya rasu. Ya sami saɓani da ƙanin mijin, ya sauko ya bar rabin gida a buɗe, ya tafi wani aiki a Abuja. Gaiya ya bi ta layin da safe bayan an kwana ana ruwa, ya ga matar da 'ya'yanta suna kwalfe ruwa daga ɗaki da roba. Ya kira wayar Julius sau biyu ba a ɗauka ba. Ya koma gida ya ɗauko guduma, kafin la'asar ya rufe gidan.

Julius ya kawo ƙara. Doka ta ce ido da ido, waya ba ido ba ce. Duk da haka, da Gaiya ya ba da haƙuri, da gargaɗi kawai za a yi masa. Na ja shi gefe kafin zama na ce, "Ka ba shi haƙuri a gaban mutane, magana ta mutu."

Ya ce, "In ba shi haƙuri don me, Yaya Garba? Don ruwa bai jira shi ba?"

Abin da ya maimaita ke nan a zaman. Takwas suka ce a cire sunansa. Aka zo kaina. Ina da ikon in nemi a ɗage maganar, ko in roƙi a mayar da ita dakatarwar shekara guda, kuma na san da za a bi ni. Amma na ji tsoron a ce na kare yaron shagon ubana. Na rufe da abin da suka faɗa. Gaiya ya tashi, ya mayar da bencin da ya zauna a kai inda ya ɗauko shi, ya fita.

Shekara bakwai ya yi a waje. Manyan ayyukan da ake rabawa ta hannun ƙungiya suka daina zuwa masa, ya koma ƙofofi da bencina a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Bai daina gaishe ni ba. Sabuwar doya ba ta taɓa fasa zuwa gidana ba, kuma da ya daina aikowa da na fi samun sauƙi a raina.

A 2023 muka ɗauki sakatariya mai suna Dorothy, 'yar wani ɗan ƙungiya da ya rasu, wadda ta karanta kwamfuta. Ita ta kawo mana manhajar da ake bin ayyukan ofis da ita. A da, idan an yanke shawara, sai an yi mako uku ana yawo da takarda daga Tunga zuwa Barkin Sale ana neman sa hannu. Ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa mai kyau.

Ta ce, "Baba, aiki ɗaya ne, amma manhajar za ta raba shi gida tara. Kowane shugaba zai ga nasa a wayarsa, ya danna ko ya amince ko bai amince ba. Ba za ta rufe maganar ba sai amsoshin da muka ce ta jira sun cika. Abu biyu nake so ku zaɓa. Na farko, ta jira duka tara ne, ko mafi rinjaye?"

Muka ce a manyan al'amura, kamar cire mutum ko mayar da shi, duka tara, haka kundinmu ya ce.

"Na biyu, ta aika bi da bi, sai wannan ya gama sannan na gaba ya gani, ko ta aika wa kowa lokaci ɗaya?"

Duk suka dube ni. Na ce lokaci ɗaya, ai saurin muka zo nema. Na ƙara da cewa na fahimci abin sarai, ba sai ta maimaita ba. Na faɗi wannan ne domin a cikin tara ɗin ni kaɗai na koyi karatu da furfura, ba na so a ga kamar ni ake jira a gane.

Shekara guda abin yana tafiya daidai. Ban lura da dalilin ba sai daga baya: duk maganar da ta shiga manhajar, mun riga mun zauna a kanta a benci. Dannawar cika aiki ce kawai, kowa ya san abin da aka riga aka ce.

A watan Yunin 2024 Keke Napep ta tsaya a ƙofar shagona a Tunga, aka daɗe ba wanda ya fito. Da Gaiya ya fito ban gane shi nan take ba. Wuyansa ya zama siriri, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa kuma ya ɗaga riga. Na share masa kujera.

Na ce, "Mai doya, wa ya cinye ka haka?"

Ya ce, "Hanta ne. Likita ya ce shi ya gaji. Na ce ni ma na gaji, sai mu tafi tare."

Yana ta kallon wani katakon maɗaci da ke jingine, ya miƙa hannu ya shafa shi.

"Ɗan jirgi, ban zo ba da haƙuri ba, kada ka yi murna. Ko yau na ga gidan nan a buɗe zan hau, in dai ƙafa zai kai ni. Abu ɗaya nake so. Ku mayar da sunana. Ba na so Christiana ya je kasuwa yana tayin akwati kamar ban san kowa ba. Na buga ƙusa a akwatin mutum goma sha ɗaya. Ina so a buga a nawa."

Na ce masa ya ɗauka an gama. Zamanmu na gaba sai Satumba, ni kuwa na dubi idanunsa na san Satumba ta yi nisa. A ranar na kira Dorothy na ce ta sa maganar a manhaja, kada a jira zama. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Kafin magariba saƙon ya shigo wayata: buƙatar mayar da Gaiya cikin ƙungiya, da wurin dannawa biyu a ƙasa, na amince, ban amince ba.

Ban danna ba. Babba ba ya fara magana. Na ajiye wayar ina jiran takwas su gama, ina zaton idan sun gama za a nuna mini amsoshinsu in rufe. Ban san cewa kowa nasa kaɗai yake gani ba, kuma sakatariya ce kawai ke ganin adadin da ya cika. Tambaya ɗaya ce da na yi wa Dorothy da ta warware mini. Amma ni ne na ce a gaban mutane na fahimci abin sarai.

Mako ɗaya ya wuce, na je Sauka Kahuta na ce masa ana kan yi. Mako na biyu na koma na sake cewa ana kan yi. Daga nan sai na fara karanta shirun. Na ce a raina ashe ba su huce ba, ashe Julius ya bi su ɗaya ɗaya ya zuga su. Na ga idan na danna kafin su, ko na kira wani na tambaya, zai zama na danne su da girmana, abin da na guje wa shekara bakwai da suka wuce. Kunya kuma ta hana ni komawa wurin Gaiya hannu babu komai. Mako na uku ban je ba, na huɗu ma haka. Kowace safiya in buɗe wayar in ga saƙon yana nan yadda yake, in rufe.

A mako na biyar na je kasuwar katako sayen katakon malaina, na haɗu da Sharif, shugaban reshe mafi ƙanƙanta a cikinmu, wanda bai kai arba'in ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi katakon da ke hannuna. Na daure na ce, "Sharif, me Gaiya ya yi muku da zafi haka?"

Ya ce, "Mu kuma, Baba? Ai kai muke jira."

"Ni kuke jira in yi me?"

"Ka kira mu mana. Ba a zauna a kan maganar ba, ba ka kira sunan kowa ba. Ni ne ƙarami, ina zan sa hannu a maganar mayar da dattijo ban ji an ce Sharif, me ka gani ba? Na tambayi na sama da ni, ya ce shi ma ni yake jira in fara. Da muka ga ka yi shiru, sai muka ce ko ba ka so ne, an dai matsa maka ka aika."

Na zauna a kan tarin katakon mutane. Na kira Dorothy na tambaye ta nawa suka danna. Ta ce babu ko ɗaya. Na ce me ya hana ta faɗa mini.

"Baba, na ɗauka amsar ke nan. Na ga dattawa tara sun yi shiru, na ce ƙin ne ba sa so su furta. Ina ni ina tambayarku dalili?" Sannan ta ce, "Akwai kuma wani abu. Maman Mercy ta tare ni a coci mako uku da suka wuce, ta ce in gaya mata gaskiya. Na nuna mata. Ta ga babu ko ɗaya cikin tara."

Maman Mercy ita ce Christiana, matar Gaiya.

Na bar malainar a nan, na ɗauki Keke ta yini. Na dubi Sharif na ce, "Sharif, me ka gani?" Ya ciro waya ya danna a gabana. Daga nan na bi sauran bisa shekarunsu, ko da hanyar ta sa na ratsa gari sau uku, domin ban ga amfanin in gyara ɓarna da wata ɓarnar ba. Kowa na tsaya a gabansa na kira sunansa, kowa ya danna kafin in rufe baki. Biyu ban same su ba sai washegari.

Julius ne na bakwai, domin a lokacin ya zama shugaban reshen Barkin Sale. Shi na fi jin tsoro. Na same shi yana cin abinci a bayan shago, ya ture kwanon.

Ya ce, "Baba Garba, ni na kai ƙararsa. Idan na riga kowa dannawa, a ce ina wanke kaina. Idan na ƙi, a ce ni ne mugun. Mako biyar ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa." Ya goge hannu a wando ya danna. "Ina bi ta gidan matar nan kusan kullum. Rufin bai taɓa yoyo ba. Na so a ce ya yi, ko sau ɗaya."

Da azahar ta rana ta biyu na takwas ya danna, sannan na danna nawa. Dorothy ta ce manhajar ta rufe maganar da kanta, sunan ya koma rajista. Ta buga mini takarda, na sa ta cikin leda saboda hadari ya haɗo, na nufi Sauka Kahuta.

Christiana ce ta fito. Shekara arba'in tana tarata da wasa, tana cewa ga mai cin doyar banza ya zo. Ran nan ta gaishe ni gaisuwar baƙo, ta ce yana ɗakin kayan aiki.

Na same shi zaune a kan kujera, an sa masa filo a baya. A gabansa, a kan bencina biyu, akwai wani abu dogo da aka rufe da tsohon zane. Tun kafin a yaye na san ko mene ne. Kafinta ba ya ɓatan wannan tsawon.

Ya ce, "Ɗan jirgi, ka zo a daidai. Yaye ka duba mini haɗin."

Na yaye. Malaina ce da ragowar katakon ƙofofi, launinsu bai zo ɗaya ba, amma ya jera su yadda bambancin ya zama kamar da gangan. Na bi kusurwoyin da yatsa kamar yadda mahaifina ya koya mana, ban sami inda farce zai shiga ba. A murfin ne kaɗai na ga inda hannu ya yi rawa, zarto ya ɗan kauce, aka cike da garin katako da gam.

Christiana tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Kwana goma sha takwas ya yi a kansa. Ya yanka kaɗan ya kwanta, ya tashi ya yanka kaɗan. Ni na riƙe masa bakin katakon, Malam Garba. Ni na ja layi da alli da ya kwanta a ƙasa don a auna. Ka san yadda mace take ji tana riƙe da wannan katakon mijinta yana yankawa?"

Na ciro takardar na miƙa masa, na faɗi yadda aka yi tun daga farko, ban rage nawa ba. Na gaya masa babu wanda ya ƙi shi, ko Julius. Na gaya masa ni na ce a aika wa kowa lokaci ɗaya, ni na ce kada a jira zama, ni kuma na ƙi tambaya. Ya saurara har ƙarshe. Ya nisantar da takardar daga fuskarsa ya karanta sunaye taran ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa suna motsi. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Wato kowa yana girmama kowa, ni kuma ina mutuwa."

Na ce, "Haka aka yi."

"Tsofaffin banza," ya ce, ba da zafi ba.

Na matso kusa da shi na ce, "Gaiya, ka bar mu mu yi namu. Maɗaci zan kawo daga reshena. Wannan a ajiye shi, ko a bai wa wani mabuƙaci. Haƙƙinka ne yanzu, ga shi a rubuce."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, Christiana ta shigo ta janye wani buhu daga bakin taga.

"A'a, Yaya Garba. Na yarda ba ku ƙi ni ba, na yarda har cikin raina. Amma ranar da matar nan ya dawo daga coci ya ce babu ko ɗaya, na ce ya sake faɗa. Na ce ko ɗaya? Garba fa? Ya ce ko ɗaya. Wannan ranar na riga na sha shi, takarda ba zai fitar da shi daga cikina ba." Ya nuna Christiana da haɓa. "Kuma shi ne ya tsaya. Hannunsa duk sartse. Idan na shiga naku, wahalar da ya sha ya zama na me? Wanda ya riƙe katako shi ke da akwati."

Na ce ko ƙusa ɗaya ɗaya ya bari mu buga, don a cika al'ada.

"Babu wurin ƙusa. Na gama shi." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. "Wannan zan riƙe. Ka gaishe su. Ka ce wa Julius ya daina bin layin nan yana duba rufina."

Na ci gaba da zuwa kullum bayan haka, wani lokaci mu yi hira, wani lokaci yana barci in zauna in tashi. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Dorothy ta zo ta durƙusa tana kuka, ya ce ta tashi, ita ce kaɗai a cikinmu ta faɗi abin da ta gani. Ta mayar da tsarin manhajar bi da bi, daga ƙarami zuwa babba, kowa yana ganin amsar wanda ya gabace shi. Minti goma bai cika ba ta gama gyaran.

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, kwana goma sha tara bayan na kai masa takardar, yana da shekara sittin da shida. Ya bar Christiana da 'ya'ya huɗu.

Ranar jana'iza mu tara muka zo da wuri, kamar yadda muka saba zuwa gidan ɗan ƙungiya. Na riga na sanar da kowa kada a kawo komai. Muka tsaya a gindin mangwaron, a wurin da ya kamata a ce an kafa bencina ana jin ƙarar guduma, hannuwanmu a sake, masu zuwa gaisuwa suna wuce mu suna shiga. Da lokacin fitowa ya yi, na aika a tambayi Christiana ko za ta yarda mu ɗauki akwatin. Aka dawo aka ce ta gode, amma 'ya'yansa da matasan coci za su ɗauka. Muka bi baya tare da sauran jama'a.

Da muka dawo daga maƙabarta na ga Sharif ya tsaya a bayan gida kusa da babur ɗinsa. Ashe bai ji maganata ba, ko ya ji ya kasa. Ya ɗauro falanki ɗaya na maɗaci, gogagge, ya naɗe shi da buhu don kada a gani.

Ya ce, "Baba, wannan fa? Na ce ko za a canza shawara."

Na ce ya mayar da shi shago.